Kankana a Bayan Ɗaki: Yadda Ɗalibi Zai Noma Tasa a Cikin Birnin Zazzau

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Doka ko Babban Dodo da rana tsaka a watan Maris ko Afrilu zai ga masu baro sun jera kankana, an yanka ta an ɗaure a leda, jan cikinta na ɗaukar ido. Yawancin wannan kankana ba a Zariya aka noma ta ba. Daga gonakin rani na Kano da Jigawa da Yobe da wasu wurare ake loda ta a mota, ta bi ta hannun dillali, ta zo hannun mai sari, sannan ta iso ga mai baro, kuma kowane hannu sai ya ɗora nasa. Idan azumi ya zo kuwa, kuɗinta kan tashi har wasu gidajen su haƙura da ita a buɗa-baki.

Tambayar da nake so mu duba a wannan makon, ƙannena, ita ce: shin ɗalibin da ke zaune a Kwarbai ko Unguwar Juma ko Limancin Kona, wanda ba shi da gona, ba shi da injin ban ruwa, zai iya noma kankanar da za a yanka a gidansu? Amsa ita ce e, zai iya. Sai dai kankana ba kamar alayyafo ba ce da za a watsa iri a juya baya. Tana da sharuɗɗa, kuma wanda ya tsallake ɗaya daga cikinsu ganye kawai zai girba.

Da farko ku sani kankana ba baƙuwa ba ce a wannan nahiya. 'Yar Afirka ce. A shekarar 2021 wasu masana tsirrai suka wallafa binciken da ya nuna cewa danginta mafi kusa ita ce wata kankana mai farin ciki da ake samu a yankin Kordofan na ƙasar Sudan. A Masar kuma an ga zanenta a bangon kaburburan da suka haura shekara 4,000. Daga nan ta bazu duniya, har yau ƙasar Sin ita kaɗai ke noma fiye da rabin kankanar duniya. Gunar da kakanninmu suka sani 'yar uwarta ce ta jini. Shammam kuwa, wannan mai ƙamshi mai ruwan ɗorawa, ɗan gida ɗaya ne da gurjin da muke ci da ƙuli-ƙuli: a littafin kimiyya sunansu ɗaya, Cucumis melo, ita kuma kankana Citrullus lanatus. Ku riƙe wannan zumuncin, zai yi mana amfani idan mun zo maganar ajiye iri.

Ina wurin yake?

Birnin Zazzau na da ba haka yake a cushe ba. Ganuwar da ake danganta ta da Sarauniya Amina ta kewaye gidaje da gonaki ne gaba ɗaya, domin idan yaƙi ya zo a rufe ƙofofi mutane su ci gaba da samun abinci a ciki. Yau yawancin waɗannan filaye sun zama gidaje. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne bayan ɗaki, gefen tsakar gida, tsohon kango, ko garkar da aka daina kulawa da ita.

Abin da za ka fara aunawa ba faɗin wurin ba ne, rana ce. Kankana na buƙatar rana ta buga ta kai-tsaye na aƙalla awa 6, in da hali 8. Gidajen cikin birni kuwa katanga ce da su doguwa, ga mangwaro ko dogon yaro a tsakiya. Ka zaɓi wata Asabar, ka riƙa leƙa wurin da ƙarfe 8 na safe, da 12, da 4 na yamma, ka rubuta lokacin da inuwa ke rufe shi. Idan rana ba ta wuce awa 3 ko 4 a wurin, ka shuka rama ko alayyafo, ka bar wa kankana wani wuri. Sannan ka nemi izinin Baba ko Inna kafin ka taɓa ƙasa, domin yaɗon kankana kan miƙe mita 2 zuwa 3, kuma bai san inda hanyar madafi take ba.

Idan babu ƙasa ko kaɗan, an shafe ko'ina da siminti, buhu zai wadatar. Tsohon buhun shinkafa ko na masara, a huda masa ƙofofi a ƙasa don ruwa ya riƙa fita, a cika shi, a shuka gindi ɗaya tak a ciki. Sai a kafa 'yar rumfa da sanduna ko a ɗaura igiya a jikin katanga yaɗon ya hau sama. Idan ƙwallo ya fara nauyi a yi masa goyo da tsohon zane ko ragar buhun albasa a ɗaure a jikin sanda, in ba haka ba zai tsinko.

Ƙasar Zariya tana da jar laka mai riƙe ruwa, ita kuma kankana jigawa take so, ƙasa mai rairayi wadda ruwa ke ratsawa ya wuce. Saboda haka sai an yi haɗi: kashi ɗaya ƙasar wurin, kashi ɗaya rairayi, kashi ɗaya takin gargajiya da ya ruɓe sosai. Kashin shanu ko na awaki ko na kaji duk suna yi, amma ɗanye yana ƙona saiwa, musamman na kaji. Taki ya yi ne idan ya koma baƙi, ya daina wari, ya daina zafi. A ƙasa, a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da faɗin kamu ɗaya, a cika da wannan haɗin har ya yi ɗan tudu, a bar tazarar mita ɗaya da rabi zuwa 2 tsakanin rami da rami. Wani abu da zan roƙe ku: kada wanda ya je ɗibar ƙasa a jikin ganuwa. Abin da ya rage daga cikinta kaɗan ne, kuma ɗibar ƙasa na cikin abubuwan da suka cinye ta.

Wane wata?

A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Damina a Zariya kan fara wajen watan Mayu ta ƙare a Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara ya kan kai milimita 1,000, kuma Agusta ne watan da ya fi kowanne ruwa. Wanda ya shuka a farkon Yuni, kankanarsa za ta zo nuna a tsakiyar marka. Ganye zai kamu da cutar fumfuna, ƙwallon da ke kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa zai ruɓe, wanda ya tsira kuma sai a yanka a ji shi salam kamar ruwa.

A ganina lokaci biyu ne suka fi dacewa da ɗalibi. Na farko ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba: ruwan sama zai raini shukar kyauta, sannan ta nuna a Nuwamba lokacin da sama ta ɗauke, rana ta fito. Ga shi kuma ya faɗo cikin dogon hutu, kana da lokacin gyaran wuri. Na biyu shi ne watan Fabrairu, bayan sanyi ya fara sauka, ta nuna a cikin bazara. Kankanar bazara ta fi zaƙi, amma kowane ɗigon ruwa kai za ka ba ta. Disamba da Janairu kuwa a guje su. Irin kankana ba ya son ƙasa mai sanyi; idan zafin ƙasa ya yi ƙasa da digiri 20 sai ya daɗe bai tsiro ba, ko ya ruɓe a ciki. Mai son tasa ta zo daidai da azumi ya ƙirga kwana 85 zuwa 90 baya daga ranar da ake sa ran ganin wata, amma ya duba ko ranar shukar ta faɗa tsakiyar hunturu.

Game da iri, masu sayar da kayan noma a Sabon Gari da Samaru sun san sunayen. Sugar Baby ita ce mai baƙin kore, zagayayya, ƙarama, ba ta cika wuce kilo 3 zuwa 5 ba, tana nuna cikin kimanin kwana 75 zuwa 85. Ita na fi ba mai buhu da mai ƙaramin wuri shawara. Akwai Kaolack, wadda ta ci sunan wani gari a Senegal, manoman rani na son ta. Akwai Crimson Sweet mai ratsi-ratsi da Charleston Gray doguwa, amma waɗannan manya ne, suna son fili. Ka duba ranar lalacewar iri a jikin fakiti kafin ka biya. Fakiti ɗaya ya ishi mutum biyar ko shida, don haka ku haɗa kuɗi da 'yan ajinku ku raba.

A kowane rami a saka ƙwaya 3, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, wato santimita 2 zuwa 3. Cikin kwana 5 zuwa 10 za su fito. Idan sun yi ganye 3 ko 4 sai a bar guda ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, a yanke sauran da reza maimakon a tumɓuke, don kada a girgiza saiwar na kusa. Kankana ba ta son dashe, saboda haka a shuka ta inda za ta zauna. A waɗannan makonnin farko manyan abokan gabarta 'yan gida ne: kaji, ƙadangaru da akuyar maƙwabta. A kife tsohon kwando ko a yi ɗan shinge da kara.

Ruwa, wanda shi ne babbar magana

Ba sai na gaya wa ɗan Zariya wahalar ruwa ba. Gidan da ke sayen jarka a wurin 'yan garuwa ba zai yarda a riƙa kwarara ta a gindin shuka ba, kuma suna da gaskiya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kankana ruwa ne, don haka dole ta sha, amma da dabara gindi 2 ko 3 ba za su gagari gida ba.

Dabara ta farko ita ce ruwan alwala. A ajiye bahon roba a inda mutanen gida ke alwala, sau biyar a rana, ka ga yawan abin da zai taru. Ruwan da aka wanke shinkafa ko gero ko ganye shi ma yana yi. Wanda ba ya yi shi ne ruwan wanki mai omo da bilic, domin gishirin da ke ciki yana taruwa ya kashe ƙasa. Ruwan kwata da na kududdufi kuma kada a kusance su. Abin da za a ci ɗanye ne, kuma ƙwallon a ƙasa yake kwance.

Ta biyu, a samu gorar ruwa ta roba babba, a huda mata ƙananan ƙofofi 2 ko 3 da allura a gindi, a binne rabinta kusa da shukar, a riƙa cika ta da safe kafin a tafi makaranta. Ruwan zai riƙa tsiyaya a hankali zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi ba. Ta uku, a lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, amma a riƙa ɗagawa ana duba gara. A zuba ruwa a gindi, kada a kan ganye, kuma da safe ya fi.

Abin da kankana ta fi ƙi shi ne yau a ƙoshe, gobe da jibi ƙishirwa. Wannan ne ke sa ƙasan ƙwallo ya yi baƙi ya ruɓe, ko kuma ya tsage idan aka kwarara masa ruwa bayan ya daɗe a bushe. Idan za ka yi tafiya, ko jarrabawa ta riƙe ka, ka damƙa aikin ga ƙaninka, da alƙawarin yanki mafi girma. Idan kana da takin zamani NPK 15-15-15, cikin murfin kwalba ɗaya ya ishi gindi bayan mako 2 da tsirowa, a binne shi nesa da kara kamar faɗin tafin hannu. Yawan yuriya kuwa ganye yake sa wa, ba 'ya'ya ba.

Fure biyu, aiki ɗaya

Wannan sashen shi ne ya fi burge ni, kuma shi ne darasin bayoloji da za ka gani da idonka. Bayan kamar wata ɗaya da 'yan kwanaki, shukar za ta fara fure masu ruwan ɗorawa. Za su buɗe, su bushe, su zube, babu ƙwallo ko ɗaya. Kada hankalinka ya tashi, kada kuma ka yarda da mai cewa an yi mata baki. Kankana tana da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya, namiji da tamata, kuma mazan ne ke fara fitowa. Bayan mako ɗaya ko fiye sai matan su biyo. Gane su ba wuya: a ƙarƙashin tamatar akwai ɗan ƙwallo kamar ƙwayar gyaɗa, shi ne kankanar gobe. Namijin kuwa siririn tsinke kawai gare shi.

Kafin ɗan ƙwallon nan ya girma, sai an ɗauko garin fure daga namiji an kai wa tamata. A gona ƙudan zuma ne ke wannan aikin, kuma sai sun ziyarci fure ɗaya sau da yawa kafin ya samu isasshe. Tamatar kuma rana ɗaya tak take buɗewa, da safe. A tsakiyar birni, tsakanin katangu da hayaƙin girki, ƙudan zuma ba su da yawa. Shi ya sa za ka ga ɗan ƙwallo ya yi ɗorawa ya faɗi, ko ya girma a karkace, gefe ɗaya a cike ɗaya a motse.

Maganin shi ne ka zama ƙudan zuman da kanka. Tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe, ka tsinko namijin da ya buɗe a ranar, ka cire ganyayen furen a bar tsakiyar, ka shafa shi a hankali a tsakiyar tamatar har ka ga garin ya manne ko'ina. In ka samu maza biyu ka yi amfani da su duka. Aikin minti 2 ne, ana iya yin sa da kayan makaranta a jiki. Ka ɗaura ɗan zare a wurin, ka rubuta kwanan wata a bayan littafinka. Idan ya kama, cikin kwana 3 ko 4 za ka ga ƙwallon ya fara kumbura. A bar ƙwallo 2 a gindi ɗaya, a buhu kuwa ɗaya, a cire sauran. Na san da ciwo, amma gindin da aka bar wa biyar ƙanana biyar zai bayar, babu mai daɗi a ciki.

Daga nan sai tsaro. Akwai wani ƙuda da ke huda ƙwallo tun yana ƙarami ya saka ƙwai a ciki, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta cinye shi ta ciki. Manomi mai kadada feshi yake yi. Kai da ke da ƙwallo 4 ko 5 ba ka buƙatar guba: ka sa kowanne cikin jakar takarda ko ka naɗe shi da tsohuwar jarida da zarar ya kama, har fatarsa ta yi tauri. Wanda ya riga ya huje a cire shi a binne da zurfi. Idan darɓa ta taru a bayan ganye har ya nannaɗe, a daka 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa su kwana ɗaya, a tace, a yayyafa da yamma lokacin da ƙudan zuma suka tafi. Ina jan kunnenku da babbar murya: kada ɗalibi ya sayo maganin ƙwari na kwalba ya fesa a tsakar gidan da yara ke rarrafe, kaji ke kiwo, ake shanya tsaki. Idan wata cuta ta gagare ka, ka tsinki ganyen ka kai wa malamin aikin gona na makarantarku. Muna kuma da gata a Zariya: tun 1922 ake binciken noma a Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, ga kuma cibiyar NAERLS da aikinta shi ne isar da ilimin noma ga manoma.

Idan ƙwallo ya kai girman lemo, a sa masa matashi da busasshiyar ciyawa ko ɓallin tukunya don kada ya taɓa danshi.

Yaushe za a yanka?

Kankana ba kamar mangwaro ko ayaba ba ce. Idan aka tsinke ta ɗanya, ko wata guda ta yi a ɗaki ba za ta ƙara zaƙi ba. Daga ranar da ka shafa fure zuwa nuna kimanin kwana 30 zuwa 45 ne, gwargwadon iri da zafin gari. Ka ga amfanin kwanan watan da ka rubuta. Idan lokacin ya matso, a rage ruwa na mako ɗaya don zaƙi ya taru.

Alamu uku ake haɗawa. Kusa da inda ƙwallon ya manne da yaɗo akwai wani ɗan zare mai murɗewa; idan ya bushe ƙayau ya koma ruwan ƙasa, an kusa. Sai a ɗaga ƙwallon a duba inda ya kwanta: fari yana nufin saura, ruwan ɗorawa mai kama da man shanu yana nufin ya yi. Ta ukun ita ce ƙwanƙwasawar da kuke gani masu saye na yi. Ɗanya kan yi ƙara mai kaifi, nunanniya kuma sauti mai zurfi kamar ganga. Ni dai ban cika dogara da wannan ita kaɗai ba, domin kunne sai ya saba. A yanke da wuƙa a bar ɗan kara a jiki.

Shammam nomansa kusan ɗaya ne da na kankana, sai dai ya fi ta tsoron danshi da fumfuna, don haka rani ya fi masa. Ƙwallonsa bai da nauyi, ya fi dacewa da rumfa. Shi ba ya ɓoye nunarsa: zai canza launi, ƙamshi ya cika wurin, kuma a wasu irin karan yakan saki da kansa da an ɗan taɓa.

A ƙasar Japan, a garin Zentsuji, manoma kan sa ƙaramin ƙwallo cikin akwati mai kusurwa huɗu, ya girma ya ɗauki siffar akwatin. Ana sayar da ita da tsada, amma ta ado ce, domin tun ba ta nuna ba ake cire ta. Wanda ya samu ƙwallo fiye da buƙata zai iya gwadawa da ɗaya, ya kai wa 'yan kulob ɗin matasan manoma su gani.

Saura maganar iri na baɗi. Idan ka ga an rubuta F1 a jikin fakitin da ka saya, wannan haɗin aure ne, 'ya'yansa ba za su fito kamar uwarsu ba, sai ka sake saye. Haka ma ƙwayar da ka tsinta daga kankanar mai baro: za ta tsiro, amma ba ka san me za ta haifa ba. Sugar Baby da Kaolack na asali kuwa ana ajiye irinsu. A zaɓi ƙwallo mafi zaƙi, a wanke ƙwayoyin, a shanya a inuwa har su bushe sarai, a zuba a kwalba mai murfi da ɗan toka, a rubuta suna da wata. A nan ne zumuncin da na ambata ke shigowa: idan akwai guna kusa da kankanarka, ƙudan zuma na iya haɗa su, irin da ka ajiye ya ba ka mai farin ciki marar zaƙi a shekara mai zuwa. Haka shammam da gurji ke yi wa juna. Kankana da kokwamba kuwa ba sa haɗuwa, ko da yaɗonsu ya sarƙe a rumfa ɗaya.